Injin Jirgi a Tudu

Garinmu ba shi da kogi. Gara in faɗa tun da farko, kada wani ya zaci a bakin kogin Isa muke. A Kurfai muke, tsakanin Tabla da Filinge, ƙasar gero da rairayi. Abin da muke da shi tabki ne, wanda ke cika da damina ya raba mu da hanyar mota, ya zauna har cikin sanyi, sannan ya ƙafe ya bar laka mai tsattsagewa. In ya cika, mai zuwa kasuwar Filinge ko dai ya ɗora kayansa a ka ya ratsa ruwa har ƙirji, ko ya zagaya da amalanke ta bayan tsauni ya iso ana naɗe tabarmi.

Wannan garin ne yayana ya kawo wa injin jirgin ruwa, kuma a tsakiyar bazara, lokacin da ko kaza ba ta samun inda za ta jiƙa baki.

Ni a lokacin na gama kwaleji, ina zaune gida ina daka da ɗiban ruwa, raina a ɓace da kowa. Shi kuma ya yi shekaru a Gaya, a bakin kogi, ba ya zuwa sai in an yi rasuwa. Babanmu ya daɗe da rasuwa, kuma mu biyu Inna ta haifa. Da yake shi ne ɗan fari, Inna ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido da ido. In za ta ba shi tuwo sai ta ce da ni, "Ke, kai ma wancan." Amma ni ke kwana ɗaki ɗaya da ita, na san sau nawa take tambayata ko salula ta yi ƙara.

Ranar da ya zo, bayan an sauke injin an jingina shi da bangon zaure, ya zauna a tsakar gida yana shan fura, ya yi magana da ƙarfi kamar da ni yake:

"In injin ga ya kama aiki, na zamna. Ba ni koma tahiya. Damana da sanyi in yi ta hidda mutane, rani in yi lambu."

Inna tana tankaɗe a bakin madafa. Hannunta ya tsaya, sannan ya ci gaba. Amma daga ranar injin nan ya zama ɗan gida, har ya fi ni daraja.

Sai Kawu ya shigo maganar. Kawu wan Inna ne. A ƙuruciyarsa ya yi kiwon doki, kuma tun da dokinsa na ƙarshe ya mutu yake neman abin da zai yi wa iko. Sau ɗaya ya taɓa shiga jirgin ruwa, a hanyar wata ta'aziyya, kuma waɗanda suka tafi tare da shi sun ce amai ya yi ta yi har suka sauka. Wannan bai hana shi zama masanin inji ba. Ya zagaya shi, ya shafa murfinsa, ya duƙa ya leƙa farfelar kamar mai duba kofato.

"Abin ga ba a barin shi kwance," in ji shi. "Duk abin da ke da gudu, in anka aje shi wuri guda jijiya na sagewa. Kullum da la'asar a motsa shi."

Shi ya sa aka kafa itace biyu a tsohon turken dokin Baba, aka gicciya katako, aka ɗaure injin a tsaye, ƙafarsa tana lilo a iska. Aka yi masa rumfar zana don rana.

To, daga nan gidanmu ya zama dandali. Da an sallame la'asar sai maza su fara shigowa, wasu ko sallama ba sa ƙarasawa. Yaya ya fito da jan tankin injin, ya zuba esansi, wato fetur, ya auna baƙin mai da murfin kwalba, ya girgiza yana kallon sama kamar mai haɗa magani. Ya matsa wata ƴar ƙwallon roba da ke jikin tiyo, ya dafa murfi da hagu, ya fizgi igiya da dama. Injin ya yi tari, ya sake tari, sannan ya kwarma ihu. Kaji su watse, jakin maƙwabta ya amsa, hayaƙi shuɗi ya cika gida. Farfela tana juyawa a banza, tana kwashe ƙaiƙayi da kashin awaki tana watsa mini a tukunya. Dattawa masu furfura, waɗanda ake kai wa ƙarar gona su raba, sai ga su sun yi layi a bayan farfelar, sun ɗaga riguna suna shan iska.

"Wallahi ya hi fankar lokotoro ta asibiti!"

"Ƙara mai wuta, ɗan nan, mu ji muryatai!"

Sai Yaya ya murɗa hannun, ihun ya ƙaru, kowa ya yi kabbara. Ba ya daɗewa yake kashewa, don esansi. Kuma duk lokacin da ya kashe sai wani wari ya tashi, irin na takalmin roba da ya faɗa murhu.

Ni ban san komai game da inji ba. Lakwal, wato makarantar boko, ta koya mini kogunan duniya da inda kowanne ya faɗa teku, ba ta koya mini wannan ba. Amma ni ke girki, na san warin abu mai ƙonewa. Na faɗa.

"Yaya, abin nan ƙuna yake."

"Ke ƴar lakwal, koma ga tukunyarki."

"Tukunyata in ta yi wannan wari sauke ta nake."

Kawu ya taɓa murfin, ya janye hannu da sauri, ya ce lafiya ce, jini ne ke gudana. Wani ya ce a yayyafa masa ruwa. Kawu ya dube shi kamar ya zagi uwarsa.

"Ruwa? Bisa ƙarhe? So kake shi yi tsatsa?"

Sai aka karɓi faifan Inna aka yi masa fifita. Na rantse da Allah da idona na gani: namiji baligi, mai mata da ƴaƴa, a durƙushe yana yi wa inji fifita.

Esansi kuwa a garinmu ba a famfo ake sha ba. A kwalba ake sayo shi daga bakin hanya, wurin masu moto, wato babur, da tsada, wani lokaci ma an sirka shi da abin da Allah kaɗai ya sani. Kuɗin da Yaya ya zo da su sun ƙare a wurin mai walda na Filinge, wanda ya ƙera masa jirgi da fallayen ƙarfe. Mutumin ƙofofi da gadaje yake yi, bai taɓa ganin jirgi ba sai a salula, don haka abin da ya fito komin shayar da shanu ne aka yi wa hanci. Da aljihun Yaya ya bushe, sai zabin Inna suka fara raguwa. Ba wanda ya roƙe ta. Ranar kasuwa sai ta kama ɗaya ta ɗaure ƙafa ta ba ni, ta ce in sayar in biyo da kwalba. Zabin nan da ƙwansu muke sayen gishiri da sabulu. Na ce mata, "Inna, zabuwa guda fa hayaƙin yamma biyu ce." Ta ce in tafi rana na yi.

Ranar da ruwan farko ya sauko ina can ina kwashe shanya, sai na ga Inna ta fito da gudu, matar da gwiwa ke hana ta tashi daga tabarma sai da dafa bango. Ta yaye ledar da muke rufe buhun gero da ita, ta je ta lulluɓe injin, ta ɗaure da igiyar guga. Geron ya jiƙe, washegari ni na shanya shi. Injin kuwa ko ɗigo bai taɓa shi ba. Abin da aka ƙera don ya zauna cikin ruwa, mu muka tsare shi daga ruwa da dukan ƙarfinmu.

Tabki ya cika. Na ce to, yanzu a kai shi mu huta. Ina! A garinmu ƙarfe ba ya shiga tabki sai an buɗe shi. Ko fartanya ba a wankewa a ciki. Akwai wata tsohuwa a unguwar Arna, kowa Kaka yake ce mata, ita ke riƙe da al'amarin ruwan tun daga kakanninta. Sai ruwa ya kwanta ya yi sanyi, ta duba ta ce lokaci ya yi, a kawo baƙar akuya da gumba a ba mai ruwan, iskar da ke zaune a tabkin, sannan kowa ya shiga da abin da ya ga dama. Masu salla a sahun farko ma ba sa tsallake wannan, sai dai su ce su ba su gani ba.

Na raka Yaya wurinta, don Inna ta ce in kai mata goro. Muka same ta tana gyaran yakuwa.

"A'a, mijina ya zaka! Ka tahi ka bar ni shekara da shekaru, ka komo da kishiya mai ihu."

"Kaka, ai don ke na kawo ta. Ke za ki hwara shiga, in kai ki kasuwa ki sai jan baki."

"Ni? Cikin komin shanu? Ka ga na yi kama da karsana?"

Ya roƙe ta ta sa rana kusa. Ta ce mai ruwan ba ta son gaggawa, ya je ya jira kamar kowa. Sai jiran ya zama ƙarin la'asar, ƙarin taro, ƙarin zabi. Har mutanen rugar da ke bayan gari suka fara zuwa kallo, suna tsayawa nesa da sandunansu a wuya, suna dariya ƙasa-ƙasa. Su dai na fahimce su.

Da aka yanka akuya aka buɗe tabki, Yaya ya sa ranar kasuwa ta zama ranar farawa. Da hantsi aka ɗora jirgi a amalanke, aka kai shi bakin ruwa, gari duka a biye. Kawu ya shiga gaba ya zauna da lema. Wasu mata biyu suka shiga da kaji da ƙullin kuka. Ina tsaye ina kallo sai na ji an taɓa ni. Inna ce, ta sa zanenta na biki, ta ɗaura kallabin da ba ta fitowa da shi sai suna. Matar da ta shekara ba ta je kasuwa ba.

"Riƙe min hannu in shiga."

"Inna, me za ki saya?"

"Riƙe min hannu, na ce."

Ta zauna a tsakiya, ta juya wa Yaya baya, ta kafa ido a ƙetare. Na shiga na zauna kusa da ita, don ba zan bar ta ta nutse ita kaɗai ba.

Gaskiya ɗaya zan faɗa wa injin nan: da ya shiga ruwa ya yi abin da aka ce yana yi. Muryarsa ma ta sauya, ta yi ƙasa, ta daina wannan ihun na tudu. Hancin komin ya ɗaga, ruwa ya tsage biyu, iska ta bugi fuskata. Masu ratsawa da kaya a ka muka wuce su kamar an dasa su. Bakin gari ya ja baya da guɗar mata. Na saci kallon Inna, na ga leɓenta yana motsi. Ni kaina, da duk bakina, sai da na ce a raina ashe dai.

Muna kaiwa tsakiya sai muryar ta shaƙe. Warin nan da na sani ya taso, wannan karon har da hayaƙi daga ƙarƙashin murfi. Aka ji ƙarfe ya daki ƙarfe, ƙwas, sai shiru. Jirgin ya ɗan ci gaba da kansa, ya juya gefe, ya tsaya.

Yaya ya ja igiya. Ko motsi ba ta yi ba, kamar an ɗaure ta a gindin gawo. Ya sa hannu biyu, ya taka bakin jirgi, har muka kusa kifewa.

"Ya gaji ne," in ji Kawu daga ƙarƙashin lema. "A bar shi shi huta."

Muka bar shi ya huta. Rana ta hau, ƙarfen jirgin ya fara gasa mu ta ƙasa. Babu sanda, babu abin tuƙi ko ɗaya, don da wani ya kawo maganar a bakin ruwa Kawu cewa ya yi mai inji me zai yi da sanda. Waɗanda muka wuce ɗazu suka iso mu ɗaya bayan ɗaya, ruwa a ƙirji, kaya a ka.

"Sannunku da hutawa, masu jirgi!"

"Ko a aiko muku da hura daga kasuwa?"

Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Ni dai kajina ba su saba da wanga zama ba," ta tattara zane ta dira. Ɗayar ta bi ta. Kawu ya daure na ɗan lokaci, sannan ya naɗe lema, ya ce zai je ya nemo taimako, ya sauka yana ɗaga rigarsa sama kamar amarya. Ba mu sake ganinsa ba sai da yamma.

Saura mu uku. Na ce, "Inna, sauko in riƙe ki, ruwan bai wuce ƙirji ba."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta gyara zama, ta haɗa hannuwa a cinya.

"A jirgi na shigo. A jirgi ni ka hita."

Yaya ya ji. Ya tsaya kallon bayanta, sannan ya tuɓe riga ya shiga ruwa, ya sa kafaɗa a gindin jirgin kusa da injin, ya fara turawa. Laka tana riƙe masa ƙafa, jirgin yana karkacewa. Na zauna ina cizon leɓe har na kasa, na cire takalmi na ba Inna ta riƙe, na dira na kama ɗaya gefen. Duk zagin da na sani na yi shi a ranar, na Hausa da na Zabarmanci da ɗan abin da na tsinta na Faransanci, wa injin, wa mai walda, wa Kawu da dokinsa. Yaya ya yi ta turawa, ina jin numfashinsa.

A ƙetare mutane sun taru, masu jiran mota da masu jiran dariya. Hancin jirgin ya taɓa ƙasa. Inna ta miƙe, ta taka tudu, ta gyara kallabi, ta dubi taron, ta ce da muryar da ban san tana da ita ba:

"To, mun iso. Ko ƙahwata ba ta jiƙe ba."

Ba wanda ya yi dariya a gabanta. Sun jira ta wuce.

A Filinge, inda salula ke kamawa sosai, Yaya ya kira mutumin da ya sayar masa da injin. Ina tsaye kusa, rigata tana ɗiga, kuma mutumin da ƙarfi yake magana, don haka na ji komai. Ya tambaya ko an sa baƙin mai a esansi. An sa. Ya tambaya ko farfela ta daki dutse. Babu dutse.

"To da kuna tahiya, shina hitsari?"

"Wane hitsari?"

"Ruwan da ke tsartuwa ta baya, siriri. In babu shi ai ba a tahiya."

Yaya ya ce bai ga wani ruwa ba, ko yau ko a gida.

"A gida? Wane gida? Kogi gare ku a gida?"

Da Yaya ya ba shi labarin turke da la'asar, sai mutumin ya yi salati mai tsawo. Ya ce injin ta ƙafarsa yake shan ruwa ya sanyaya cikinsa, akwai wata ƴar roba mai fukafukai da ke jawo ruwan sama, kuma in aka tada shi a tudu robar nan kafin a gama gaisuwa ta ƙone. Tun ranar farko muka kashe ta. Duk sauran la'asar ɗin gasa cikinsa muke yi a hankali, yau kuma ya narke ya haɗe. Kayan gyara sai Yamai, in an samu, kuma da a gyara gara a nemi wani.

"Kai da ka yi shekaru bakin ruwa, ba ka san wanga ba?"

Yaya ya juya mini baya kafin ya amsa, amma na ji.

"Ni kaya nika ɗauka."

Buhu yake saukewa daga jirage. Duk injin da ya taɓa gani yana aiki, a cikin ruwa ya gan shi, kuma bai taɓa tambayar dalili ba. Wa zai tambaya me ya sa jirgi ke cikin ruwa?

Kafin mu koma gida gari ya riga ya yanke hukunci: mai ruwan ce ta kama injin, ba ta son ƙara. Kawu ne ya fara faɗa, kuma shi ya fi kowa yaɗawa, don in ba ita ba ce to shi ne. Na faɗa wa duk wanda ya tsaya saurare maganar robar nan, suka ce ƴar lakwal ta zo da nata. Wadda ta tsaya mini, abin mamaki, Kaka ce. Da maganar ta kai kunnenta ta aiko a gaya wa Kawu: akuya an bayar, an karɓa, kada a ɗora wa baiwar Allah abin da ba ta yi ba, su nemi mai laifinsu a tudu.

Yaya bai sake taɓa injin ba. Maƙeri ya zo ya roƙi farfelar, aka ba shi. Yaya kuma ya shiga gona, ya yi noma na biyu shi kaɗai, daga safe har yamma, ba ya zama cikin maza. Ya yi girbi, ya ɗaure dammuna, ya cika rumbu, ya gyara mana dangar da ta faɗi. Inna tana ganin yadda yake gyara komai na gidan ɗaya bayan ɗaya, ta daina cin abincin kirki.

Ranar da zai tafi ta soya masa gyaɗa, ta ƙulla garin gero da barkono, ta ce in kai wa wancan. Ya zo bakin ƙofar ɗakinta ya durƙusa ya ce zai tafi. Daga ciki ta ce Allah shi kiyaye hanya. Ba ta fito ba.

Ni na ɗaukar masa jaka har bakin hanya. Da motar ta tsaya ya ce, "Ki ce ma Inna sai damana."

"Wace damanar?"

Ya hau, motar ta tashi.

Da na dawo na same ta tana share ɗakinsa. Ta tambaye ni ko ya samu wuri a ciki, ko a saman kaya. Na ce a saman buhuna. Ta ce, "Da zahin ranar ga." Ta ƙarasa sharar, ta naɗe tabarmarsa ta jingine, sannan ta ce in zo in kama mata mu shigo da buhunan wake, tunda ɗakin ya samu wuri.